Shin Ko Kun San? Lasifikar Kanti da ta Kasuwa

Shin ko kun san cewa idan aka ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 100 zuwa wat 200, desibel 3 kacal ƙarar za ta ƙaru? Da ƙyar kunne ke lura da bambancin. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka, sai an ƙara wat ɗin sau goma. Mai kantin da ya dage wa mai haɗa kaya da "Malam, a sa mini babba," yawanci kuɗinsa yake zubarwa.

Nisa ma yana cin nasa rabon. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, sai desibel 6 ya zube. Shi ya sa lasifika ɗaya ƙatuwa a bakin ƙofa take hana mai karɓar kuɗi sakat, alhali wanda ke can ƙuryar shago yana zaɓen atamfa bai san me ake faɗa ba. Maganin shi ne ƙanana da yawa a jikin silin, kowacce tana magana a hankali da mutanen da ke ƙarƙashinta.

To ta yaya amfilifaya ɗaya za ta ɗauki lasifika ashirin? Irin ta gida mai om 8, idan aka haɗa biyu kai da kai sai su koma om 4, huɗu su koma om 2. Daga nan amfilifaya ta fara zafi, sai warin ƙuna. Don haka manyan kantuna, otel-otel da tashoshi suke aiki da layin bolt 100. A Amurka bolt 70 ne. Dabarar irin ta wutar lantarkin gari ce: a ɗaga bolt a tura ta waya mai nisa, kowace lasifika da ɗan taransifomanta da zai sauke mata iya abin da take buƙata. A bayanta za ku ga wuraren zaɓi, wat 3 ko 6 ko 10. Lissafin ba shi da wuya: guda 20 a kan wat 6 sun ba da 120, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar don kada na'ura ta yi aiki a maƙure, a sayi mai wat 150.

Shin ko kun san a jajibirin Kirsimeti na 1915 Peter Jensen da Edwin Pridham suka jiyar da taron jama'a sauti ta lasifikarsu a birnin San Francisco? A 1919 shugaban Amurka Woodrow Wilson ya yi wa dubban mutane jawabi da irin na'urar a San Diego. Kamfanin TOA na Japan, wanda ƙahonsa ke kan hasumiyar masallatai da yawa, an kafa shi a Kobe a 1934.

Lasifika mai bakin ƙaho da wat kaɗan take kai murya nesa, amma kiɗa a cikinta kamar ana buga gwangwani. Wurinta tasha, gareji da farfajiya. A ɗakin cin abinci azaba ce.

Kukan nan mai tsinka kunne da ake ji idan an kunna makirufo ba lalacewa ba ce. Sauti ne ya fita ta lasifika, ya koma makirufo, ya sake fita, yana ta zagaye. A ajiye makirufo a bayan lasifika, mai magana ya matso da bakinsa, a rage murɗa ƙara. Gunjin da ke ƙasa-ƙasa kuwa sau da yawa daga wayar makirufo ne da aka jera ta kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan bambancin nisan lasifika biyu daga kunnenka ya kai mita 17, za ka ji magana ɗaya sau biyu. Tayil, gilas da bangon siminti, waɗanda masu gina filaza ke so ƙwarai, su ke maido da amsa-kuwwa har kalmomi su cakuɗe. Ƙara murya a irin wurin ƙara dagula lamari ne. Labule, kafet da kayan da ke kan kanta su ke shanye sautin.

A 1982 Ronald Milliman ya wallafa wani gwaji da ya yi a babban kanti a Amurka: da aka sa kiɗa mai tafiya a hankali, masu sayayya suka rage sauri, ciniki ya haura da kusan kashi 38 cikin ɗari a kan na kiɗa mai sauri.

Babban amfanin lasifika dai ranar gobara ne. Binciken Proulx da Sime na 1991 a wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Newcastle ya nuna cewa ƙararrawa kaɗai mutane kan share ta, amma muryar da ke faɗin abin da ya faru da hanyar fita tana tashinsu nan da nan. Tunda wutar lantarki ake fara kashewa idan gobara ta tashi, amfilifayar da ba ta da batirin ko-ta-kwana ba ta cika aikinta ba.

Desibel 85 awa takwas ne iyakarsa ga kunnen ma'aikaci. Desibel 100 kuwa minti 15. Hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, ma tana da dokar hana yawan ƙara tun 2009.

Kafin ku biya mai haɗa kaya cikon kuɗinsa, ku bari sai kanti ya cika, janareta na aiki. Ku tsaya a lungu mafi nisa, a karanto lambar waya ta makirufo. In ba ku iya rubuta ta daidai ba, aiki bai ƙare ba.