Hutun iyali a Ostareliya: ana zaton wuta a maƙera

Duk wanda ya ce wa dangi zai kai iyali hutu Ostareliya, jawabin da zai ji kusan iri ɗaya ne. Wata goggo za ta ce ai ƙasar macizai ce. Wani ƙane da ya sha kallon finafinai zai kawo labarin kadoji da gizo-gizo mai dafi, da Turawan daji masu faffaɗar hula da wuƙa a ƙugu, da dabbar kangaru tana tsalle a bakin kasuwa. Ba laifinsu ba ne. Fim ɗin Crocodile Dundee na 1986 da shirye-shiryen marigayi Steve Irwin, mai kokawa da kada a talabijin, su suka sayar wa duniya wannan hoto. Matsalar ita ce mai tafiya yakan tattara tsoronsa ya ɗora a kan maciji, ya bar abubuwan da suke ɓata wa baƙi hutu da gaske.

Mu fara da mutanen. Ƙasar ta ninka Najeriya kusan sau takwas a faɗi, amma mutanenta ba su wuce miliyan 27 da 'yan kai ba, kuma mafi yawansu 'yan birni ne da ke zaune kusa da gaɓar teku. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar a wata ƙasa aka haife su. Wanda ya shiga jirgin ƙasa a Sidni ko Melbon zai ji Larabci da Sinanci da Indiyanci kafin ya kai tasha ta uku. Musulmi sun haura dubu 800. A unguwar Lakemba ta Sidni akwai babban masallaci da mahauta na halal, kuma da azumi titi kan cika da masu sayar da abinci har tsakar dare. Musulunci ma ba baƙo ba ne a can: tun wajen 1860 aka riƙa kawo masu raƙuma daga Afganistan da yankin Indiya don jigilar kaya a hamada, masallacin da suka gina a Adelaide kuma yana nan. Sannan akwai 'yan asalin ƙasar, baƙaƙen fata, waɗanda suka yi dubban shekaru a wurin kafin Turawan Ingila su sauka a 1788.

Ba na cewa babu wariya. Dokar da ta fifita farar fata wajen shiga ƙasar ta yi aiki daga 1901, ba a kammala soke ta ba sai 1973, kuma har yau mace mai hijabi na iya cin karo da mai baƙar magana. Sai dai iyalin da ya je hutun mako biyu, abin da zai fi gani shi ne mutane masu saurin wasa da dariya, waɗanda ba su damu da muƙami ba. Direban tasi zai kira Alhaji da sunansa tsirara, yaron kanti ma haka. Ba raini ba ne, haka suke kiran shugabanninsu.

Macizan fa? Akwai su, masu mugun dafi kuwa. Amma waɗanda sara ke kashewa a shekara ba su cika wuce mutum biyu ko uku ba, saboda magani na kusa. Gizo-gizon Sidni da ake ta ba da labari, tun da aka samar da maganin dafinsa a farkon shekarun 1980 ba a sake tabbatar da ya kashe kowa ba. Manomin Kaltungo da ke shiga gona da silifa ya fi mai yawon buɗe ido a Sidni zama cikin haɗarin maciji nesa ba kusa ba. Kada kuwa a arewacin ƙasar yake, wajen Darwin da arewacin Queensland, kuma inda yake akan kafa allon gargaɗi. Wanda ya ga allon ya yi nesa da bakin ruwa, shi ke nan.

Inda wutar take tashi, na farko, cikin akwatin Hajiya ne. Bahaushe ba ya zuwa wurin ɗan'uwa hannu rabbana. Za a ɗaure kilishi, da dambun nama, da busasshen kifi, da daddawa, da kuka, da goro, wataƙila har da zuma da man shanu. Ostareliya tsibiri ce da ke rayuwa da noma da kiwo, tana kuma tsaron cututtukan dabbobi da na tsirrai kamar yadda ake tsaron banki. A cikin jirgi za a ba kowa kati ya cike, ana tambaya ko yana ɗauke da nama, ko tsaba, ko itace, ko takalmin da ya taka ƙasar gona. Katin nan takardar shari'a ce. Wanda ya bayyana abin da ke jakarsa, iyakacinta a duba, a ƙwace wanda bai halatta ba, ya wuce. Wanda ya ce babu, kare ya shinshino, to tara ce ta dubban daloli, ana kuma iya soke bizarsa nan take, a mayar da shi a jirgi na gaba, a hana shi dawowa har shekara uku. A 2022 an ci wani matafiyi da ya taso daga Bali tarar dala 2,664 ta ƙasar a filin jirgin Darwin, a kan ɗan burodi da nama da ƙwai da ya saya a McDonald's. A 2015 ma tauraron finafinai Johnny Depp sai da aka tilasta masa fitar da karnukansa biyu da aka shigo da su ba bisa ƙa'ida ba. Wanda bai ƙyale wannan tauraro ba, ba zai ƙyale ƙullin kilishi ba. Shawarata: nama kowane iri a bar shi gida, sauran kuma a rubuta a katin ko da ana shakka. Kuɗi a hannu da suka kai dala dubu 10 su ma dole a bayyana.

Na biyu teku ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro, don yaranmu da yawa iyakar ninƙayarsu kududdufi. Ruwa na cin ɗaruruwan mutane a ƙasar duk shekara, baƙi na cikinsu. Akwai wata hanya da ruwan teku ke yi wa kansa yana komawa ciki da gudu. Wurin yakan yi lumui, babu kumfa, sai baƙo ya zaɓe shi don ya ga kamar ya fi lafiya. Masu ceto kan kafa tutoci biyu masu launin ja da rawaya, tsakaninsu kaɗai ake shiga. Gaɓar da babu tuta, a tsaya a yashi. Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi: ya kwanta a kai, ya ɗaga hannu. Doguwar riga ko zane, da sun jiƙe, nauyi suke zama. Lambar neman agaji 000 ce.

Rana ma kada a raina ta don an fito daga Sakkwato. Lokacin da muke hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, su suna tsakiyar bazara, kuma zafinta na ƙona har baƙar fata. Barin yaro shi kaɗai a mota a rufe laifi ne da ake hukuntawa. Tuƙi a hagu ake yi, yaro ƙasa da shekara bakwai sai da kujerarsa ta musamman, kuma kangarun da ake marmarin gani ya fi haɗari da magariba ko asuba, lokacin da yake faɗo wa mota a hanyar ƙauye. Taswira na yaudara: daga Sidni zuwa Perth kusan kilomita 4,000 ne a mota.

Saura takardu. Bizar ziyara, mai lamba 600, ta intanet ake nemanta a shafin hukumar ƙasar, kuma ba ta ba da izinin aiki. Duk dillalin da ya ce ku je hutu ku zarce da aiki, kuɗinku yake so. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ko Gana ya riƙe katin rigakafin cutar shawara na kowa da kowa. Tsarin lafiyarsu na Medicare bai shafi baƙo daga ƙasashenmu ba, har motar asibiti biya ake yi, don haka inshorar tafiya a saye ta kafin a sayi tsaraba, a kuma duba ko ta haɗa da hawan jini ko ciwon sukarin da maigida ke fama da shi tun a gida.