Hoton Ciki da Ƙodar Tayi

Abin nan da ake kira hoton ciki ba hoto ba ne irin na kyamara. Sauti ne wanda kunnen ɗan'adam ba ya iya ji, ake aikawa cikin jiki, ya bugi gaɓoɓi ya dawo kamar amsa-kuwwa, sa'an nan na'ura ta mai da shi zane. Likita Ian Donald da abokan aikinsa na Glasgow ne suka bayyana amfaninsa a 1958.

Ƙodar tayi takan soma yin fitsari wajen mako na 10, kuma daga tsakiyar ciki, yawancin ruwan da tayin yake kwance a cikinsa fitsarinsa ne. Kada wannan ya ba ku ƙyama, gama da ruwan nan huhunsa yake samun girma. Shi ya sa mai duba ciki tsakanin mako na 18 da na 22 yakan dubi yawan ruwan, da ƙodojin biyu, da mafitsara.

Abin da aka fi gani shi ne buɗewar mazubin fitsari na cikin ƙoda. Idan faɗinsa ya kai milimita 4 a tsakiyar ciki, ko 7 a watannin ƙarshe, sai a sa ido. Galibi yakan baje da kansa. Amma wani lokaci alama ce ta toshewa, musamman ga ɗa namiji, wanda wata 'yar fata takan tare masa hanyar fitsari, mafitsara ta cika, matsin ya koma ya ɓata ƙoda tun bai zo duniya ba. Wanda aka halitta da ƙoda guda yakan rayu lafiya lau. Wanda ba shi da ko ɗaya, kamar yadda Edith Potter ta siffanta a 1946, ruwa yakan ƙafe masa, huhu ya kasa girma, kuma da wuya ya rayu.

A ganina, kuskure ne a ce wa uwa "ƙodar ɗanki ta kumbura" a sallame ta ba bayani. Hakkinta ne a gaya mata ko gefe ɗaya ne ko biyu, da yadda ruwan yake, da kuma cewa za a sake duba jaririn bayan haihuwa. Wannan dubawa akan jinkirta ta kwana biyu, sai fa in ana zargin toshewa mai tsanani, domin fitsarin jariri kaɗan ne a kwanakin farko, kuma hoton yana iya nuna lafiya alhali da saura.