Injin Da Ke Riƙon Aikin Zuciya Da Huhu

Darasinmu na yau a kan zuciyar yaro yake.

Zuciya tana da ɗaki huɗu. Tana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska mai kyau, wadda ake kira oksijan. Sannan ta tura shi ko'ina cikin jiki. Cikin jarirai 100, kusan 1 ana haihuwarsa da ciwon zuciya. Wani rami ne a bangon zuciyarsa. Wani hanyar jini ce ta ƙuntata.

Wani ciwon sai da fiɗa yake gyaruwa. To, ta yaya likita zai ɗinke zuciya tana bugawa? Sai a tsayar da ita, inji ya karɓi aikinta. Kun san injin ban ruwa na garka: yana jawo ruwa, yana turawa. Haka wannan yake. Bututu yana ɗauko jini daga jikin yaro. Injin ya zuba masa iska mai kyau, ya fitar da gurɓatacciya, ya mayar da shi jiki. Ana sa magani don kada jinin ya daskare. In an gama ɗinki, zuciya ta koma bugawa, sai a cire bututun.

Likita John Gibbon na Amurka ne ya fara cin nasara da shi, ran 6 ga Mayu 1953, a kan wata budurwa mai shekara 18. A Najeriya, an fara irin wannan fiɗa a Inugu a 1974.

Wani lokaci bayan fiɗa zuciyar yaro takan gaji, ta kasa ɗaukar aiki. Nan ne ake gaggauta haɗa shi da wani inji mai suna Ekmo. Shi yana iya aiki kwana da kwanaki, zuciya da huhu su huta. A 1975 likita Robert Bartlett ya ceci wata jaririya da shi a Kaliforniya. Amma ku sani, injin ba ya warkarwa. Lokaci kawai yake ba jiki. Yana da haɗari kuma, kamar zubar jini. Yana da tsada, sai manyan asibitoci.

Akwai inda ake taimakon yaran Afirka. Ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda aka kafa a 1996, tana kai yara Faransa a yi musu fiɗa. Amma hanyar daga gidanku take farawa. Ku lura da waɗannan alamu:

1. Jariri yana gajiya ko yana gumi wajen shan nono.
2. Leɓɓansa, harshensa da farcensa suna yin shuɗi.
3. Yana numfashi da sauri, ba ya ƙiba.

In kun ga haka, kada ku yi masa sakiya. Ku kai shi gidan likita. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Mirya ko babban asibitin Zinder, a duba zuciyar da na'ura.

Kada kuma ku raina ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi. In ba a magance shi ba, yana iya lalata ƙofofin zuciya. Penisilin yana tare wannan ɓarna.

Ku karanta wa maƙwabtanku wannan darasi. Allah ya raya mana ƴaƴanmu.