Jar Tsutsa, Mai Shaidar Tafki

Da almuru, a bakin tafki ko madatsar ruwa, akan ga wasu 'yan ƙwari sun yi gungu a sama suna ta rawa a wuri guda. Mai wucewa yakan kai musu mari, a zatonsa sauro ne. Amma kama da wane ba ta wane. Sauro sunansa ya fita tun a labarin Namarudu, inda ake cewa shi ya shige hancin azzalumin sarkin ya ga bayansa. Wannan kuwa ba shi da bakin cizo, bai taɓa shan jinin kowa ba. Kwanakinsa a sarari ma 'yan kaɗan ne: a yi barbara, mace ta zuba ƙwai a ruwa, shi ke nan. Masana suna kiran danginsa Chironomidae.

Yawancin rayuwarsa a gindin ruwa yake yin ta, yana tsutsa. Ɗebo laka daga ƙasan kududdufi ka tace a rariya, za ka gan ta: siririya, da kyar ta kai gaɓar yatsa, ja wur, tana ta murɗe-murɗe. Takan haɗa laka da yawunta ta gina ɗan bututu ta shige, sannan ta riƙa kaɗa jiki don sabon ruwa ya ratsa ta ciki. Jan nan na jini ne, irin sinadarin himoglobin da ke jikinmu. Shi ke kama ɗan abin da ya rage na iskar oksijin ya riƙe mata.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan takin zamani daga gonaki da kashin dabbobi da ruwan kwata suka kwarara cikin tafki, sai fosfaras da naitirojin su yi yawa, gansakuka ta bunƙasa har ruwan ya koma kore. In ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruɓewar kuwa oksijin take cinyewa. Kifi ya gudu sama, ƙananan halittu masu laulayi su ƙare. Jar tsutsa ita ke zama daram, ga abinci har ya yi mata yawa.

Wani Bajamushe, August Thienemann, shi ya lura da haka a farkon ƙarni na 20, a tafkunan yankin Eifel da ke cikin ramukan tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Ya ga tafkuna masu zurfi da ruwa garau, tsutsar Tanytarsus ce ke gindinsu, wadda ba ta jure ƙarancin oksijin. Waɗanda taki ya yi wa yawa kuma jar tsutsar nan, Chironomus, ce ta cika lakarsu. Da wannan ya raba tafkunan gida biyu, kuma har yau masu binciken ruwa suna gini a kan aikinsa.

A ganina shaidar tsutsar nan ta fi ta kwalbar ruwan da ake kaiwa ɗakin gwaji. Kwalba labarin ranar da aka ɗebo ta kawai take bayarwa. Tsutsa kuwa ta yi makonni, wani lokaci watanni, a wurin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Raina kama ka ga gayya: wata 'yar uwarta, Polypedilum vanderplanki, tana zaune a ramukan ruwa na kan duwatsun arewacin Najeriya. Da rani takan bushe ƙayau, ruwan sama na taɓa ta ta farfaɗo.

Ko bayan mutuwa dangin nan ba sa daina ba da shaida. Duk lokacin da tsutsa ta yi saɓa, ƙoƙon kanta mai tauri yakan faɗa cikin laka, ya yi dubban shekaru bai ruɓe ba. Masu bincike sukan soka dogon bututu a gindin tafki su zaro laka hawa-hawa, su tsinto kawunan nan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suna bambanta su ta tsarin haƙora. Hawan da Chironomus ta fara rinjaye, nan ne taki da ƙazanta suka fara fin ƙarfin tafkin.