MAI BA YARA MAGANI CIKIN GARI: SAI DA HORO, SAI DA DOKA

Ƴan'uwa mazauna karkara, mun san yadda abin yake. Yaro ya kwana da zafin jiki, likita tana nesa, ga aikin gona. Sai uwa ta sayi ƙwaya wurin mai talla a kasuwa. Mai tallan bai ga yaron ba, bai san ciwonsa ba. Wani lokaci yaron ya tashi, wani lokaci a rasa shi.

Don haka ne gwamnati ta yarda a sami mutum cikin gari mai duba yara kusa da gidajensu. Ma'aikatan lafiya suna ce masa rele. Amma ba kowa ke zama rele ba. Akwai sharaɗi, akwai horo, akwai doka.

Abin da muka gani a baya

Tsofaffinmu suna tune da sekuris da ungozomomi na shekarun 1960 da 1970. An koya musu aiki, an ba su akwati mai nibakin da asfirin da maganin ido da na miki. Sun taimaki jama'a ƙwarai. Amma a garuruwa da yawa aikin ya mutu. Magani ya ƙare, ba a sake cika akwati ba, kuma ba wanda ke zuwa duba aikinsu. Wannan ya koya mana cewa horo na farko kaɗai bai isa ba.

Wa ake zaɓe?

Mutanen gari ne ke zaɓen rele a taro, gaban maigari. Namiji ne ko mace, ya zama ɗan gari mai zama cikin gari, wanda aka yarda da halinsa. Wanda za a ba magani a hannu, dole ya iya karatu da rubutu, don zai karanta sunan magani, ya rubuta kowane yaro cikin rajista. Kun ga amfanin ajin yaƙi da jahilci ke nan. Irin wannan rele ana sa shi ne a garin da ya fi kilomita 5 nesa da likita.

Me ake koya masa?

Ana koya masa ciwo 3 masu yawan kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Na ɗaya, zazzaɓin cizon sauro. Zai ɗiga jinin yatsa a kan abin gwaji. In gwaji ya nuna ciwon, ya ba da magani na kwana 3. Nibakin ba shi ne maganin yanzu ba, don ciwon ya daina jin sa.

Na biyu, zawo. Zai ba da ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zink ta kwana 10.

Na uku, tari mai saurin numfashi. Zai ƙirga numfashin yaro na minti 1. Ga ɗan wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi yawa.

Ana kuma koya masa auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi. In ya nuna ja, tamowa ce mai tsanani, sai likita.

Ina iyakarsa?

Rele ba likita ba ne. Ba ya yin allura. Ba ya ƙarin ruwa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ba shi da lafiya, tura shi zai yi. Haka kuma zai tura yaro likita nan take in ya ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- yaro ya kasa sha ko ya kasa kama nono;
- yana amai da duk abin da ya shiga cikinsa;
- yana fizge-fizge;
- ya yi laushi, ba ya farkawa sosai;
- ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki in yana jan numfashi;
- akwai jini cikin zawonsa;
- ƙafafunsa duka biyu sun kumbura.

In rele ya ce ku tafi, ku tafi ranar nan, kada ku jira gobe. Ba gazawa ya yi ba, aikinsa ya sani.

Wa ke duba shi?

Rele yana ƙarƙashin shugaban likitar CSI ta yankinsa. Can yake kai rahoto, can yake karɓo magani. Ma'aikacin lafiya yana duba rajistarsa, ya ga yadda yake aiki, ya gyara masa kuskure.

Wannan tsari ba don an raina ɗan ƙauye ba ne. Ƙasashe masu arziki ma haka suke yi da masu shiga gidaje kula da marasa lafiya. A Amurka, mai irin wannan aiki a ƙarƙashin inshorar gwamnati ta tsofaffi dole ya yi horo na awa 75 aƙalla, awa 16 daga ciki aiki ne da hannu gaban malami. Kowace shekara ya ƙara karatu na awa 12. Kamfanin da ya ɗauke shi kuwa dole ya riƙa aiko malamin jinya ya duba aikinsa. Dalili ɗaya ne da namu: mai aiki cikin gida ba kowa ke ganinsa ba.

Namu aikin

Mu zaɓi rele don cancanta, ba don ɗan wane ne ba. Mu kai masa yaro tun ranar da ciwo ya fara. Mu ba yaro maganin har ya ƙare, kada mu raba shi da ƙanensa. In akwatinsa ya yi sati babu magani, ko an daɗe ba a zo duba shi ba, maigari da kwamitin lafiya su je su gaya wa shugaban likita. Rele manomi ne kamar mu. Ranar da ya tafi horo, mu taimake shi da gayya a gonarsa.

Ku karanta wannan a aji, ku karanta wa mata a gida.