Ramin da aka bari, kogin da ya koma ja

A kudu maso yammacin Ingila, a yankin Konwal, akwai wani ramin haƙar kuza mai suna Wheal Jane. Farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, ramin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1991, aka kashe injinan da ke zuƙe ruwa daga cikinsa. Ruwa ya yi ta taruwa a hankali. A watan Janairu na 1992 wata tsohuwar toshiya ta ɓalle, miliyoyin litoci na gurɓataccen ruwa suka kwarara cikin kogin Karnon, suka rina shi ja har zuwa bakin teku a Falmos.

Me ya rina shi? A wuraren da ake samun kuza ko kwal ko tagulla, sau da yawa akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinariya, wanda ƙarfe da farar wuta suka haɗu a cikinsa. Muddin yana binne, ba ya cutar da kowa. Da zarar masu haƙa sun tone shi, iska da ruwa suka taɓa shi, sai ya soma fitar da ruwa mai tsananin tsami, wasu ƙwayoyin halitta kuma su ƙara wa abin sauri. Tsamin nan shi ke narkar da ƙarfe da tutiya da wasu ma'adinai masu guba daga jikin duwatsu. In ruwan ya fito fili, ƙarfen sai ya zama tsatsa ya kwanta a gindin rafi, ya shafe duwatsu, ya kashe ƙwarin da kifi ke ci, ya binne ƙwan kifin.

Maganin ba wani ɓoyayyen sirri ba ne. Kamar yadda uwargida ke karya tsami da kanwa, haka injiniyoyi ke zuba wa ruwan farar ƙasa. Tsamin na sauka sai ma'adinan su daina narkewa, su dunƙule, su kwanta kamar taɓo. A kwashe taɓon a killace, a saki ruwan. Abin da hukumar kula da koguna ta Ingila ta yi ke nan cikin gaggawa a Wheal Jane.

Amma farar ƙasa da wutar lantarki da ma'aikata kuɗi ne kullum. Shi ya sa a 1994 aka gwada wata dabara a wurin, wadda ni ta fi burge ni: a bar ƙasa ta yi aikin da kanta. Aka gina fadamu aka shuka ciyayin ruwa, har da dangin kachalla, wannan dai da manoman Haɗeja da Nguru ke kuka da ita. A nan ruwan kan yi tafiyar hawainiya, ya sha iska, tsatsar ta zauna. Daga nan ya ratsa wani rufaffen rami cike da dusar katako da busasshiyar ciyawa da kashin shanu, inda ƙwayoyin halitta marasa son iska ke kama ragowar ma'adinan. Dabarar tana aiki a ƙananan rafuka da dama, musamman a jihar Fensilbaniya ta Amurka. A Wheal Jane kuwa ruwan ya fi ƙarfinta, dole a shekarar 2000 aka kafa babbar matata mai amfani da farar ƙasa.

Matatar nan har yau ba ta huta ba, kuma daga aljihun gwamnati ake biya, alhali masu cin ribar kuzar sun daɗe da watsewa. Wannan ne ɓangaren da ya kamata mu tsaya a kai: rami yakan daina ba da arziki, amma ba ya daina ba da tsami sai dutsen ya ƙare, abin da kan ɗauki ɗaruruwan shekaru.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka. Tsofaffin ramukan kwal na Onyeama da Okpara a Inugu suna tsiyayar da irin wannan ruwa cikin rafukan yankin, har da kogin Ekulu, wanda jama'a ke wanka da wanki a cikinsa.