SHIGAR DA TAKARDUN KOTU TA WAYA DA KWAMFUTA: ABIN DA ANNOBAR 2020 TA KOYA MANA

A ziyarce-ziyarcen da muke yi cikin ƙauyuka, bayan an gama maganar taki da rijiya da iri, sau da yawa wani dattijo ko wata gwauruwa takan ja mu gefe ta ce, "Ina da shari'a a kotu." Wani rikicin iyakar gona ne, wani gado ne, wani kuma ɗansa ne ke tsare yana jiran shari'a. Tambayar da ta fi yawa kwanakin nan ita ce: wai gaskiya ne ana iya aika wa kotu takarda ta waya? Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a wannan fitowa, mu fara daga lokacin da abin ya zama dole.

Lokacin da aka rufe kotuna

An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Kafin wata guda ya cika, Alƙalin Alƙalan Nijeriya na lokacin, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ya ba da umarni a dakatar da zaman kotuna daga 24 ga Maris 2020, sai fa shari'u na gaggawa da waɗanda doka ta ƙayyade musu lokaci. Da farko mako biyu aka ce, daga baya aka tsawaita. A cikin watan Afrilu cutar ta ɓulla a Daura, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe garin, sannan aka rufe wasu ƙananan hukumomi har da birnin Katsina. Aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon watan Yuli.

Wanda bai taɓa shiga kotu ba zai ce ai hutu ne. Amma ga wanda ɗansa ke gidan yari ba a yanke masa hukunci ba, kowace rana shekara ce. A watan Mayu 2020, Alƙalin Alƙalai ya rubuta wa manyan jojin jihohi cewa a cikin fursunoni 74,127 da ke ƙasar nan, 52,226 jiran shari'a kawai suke yi. Wato a cikin kowane mutum goma da ke tsare, bakwai ba a same su da laifi ba tukuna. Haka kuma manomin da ake jayayya a kan gonarsa, damina ba ta jiran kotu ta buɗe.

Me ya sa kwanan wata yake da muhimmanci?

Mutane da yawa suna tsammani kai ƙara shi ne ka je ka faɗa wa alƙali damuwarka. A wasu ƙananan kotuna ana iya farawa da baki, magatakarda ya rubuta. Amma a Babbar Kotu da kotunan da ke sama da ita, shari'a da takarda take tafiya. Ana kai takarda ofishin rajistara, ya duba, ya faɗi kuɗin da doka ta sa, a biya, a ba da rasit, a buga hatimi da kwanan wata, a ba ta lamba. Sai an yi wannan ne ake cewa an shigar da takarda. Bayan haka sai a kai wa ɗaya ɓangaren kwafi domin ya san abin da ake faɗa a kansa.

Doka ta sa wa'adi a kan abubuwa da yawa. Misali, wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba, yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Idan hukuncin tsakiyar shari'a ne, kwana 14 ne kawai. A shari'ar laifi kwana 90 ne. Idan wa'adin ya wuce, sai mutum ya roƙi kotu ta ƙara masa lokaci, ya kawo dalili mai ƙarfi, ya kashe wani kuɗin, kuma kotu tana iya ƙi. To, idan ofishin rajistara a rufe yake, hanya ma a rufe, yaya mutum zai yi? Wannan ita ce matsalar da ta taso a 2020.

Hanyar da aka fito da ita

A watan Mayu 2020 Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ake kira NJC, ta fitar da ƙa'idojin yadda kotuna za su yi aiki a lokacin annoba. Kwamitin da Mai Shari'a Bode Rhodes-Vivour na Kotun Ƙoli ya shugabanta ne ya tsara su. Aka bar wa shugaban kowace kotu ya fitar da nasa umarnin aiki daidai da halin da yake ciki. Ga yadda tsarin yake a taƙaice:

1. Lauya ya shirya takarda, a sa hannu, a ɗauki hotonta da na'ura yadda kowane shafi zai karantu, a mayar da ita irin fayil ɗin da ake kira PDF.
2. A aika ta zuwa adireshin imel da kotu ta sanar, ko ta shafin kotu na intanet idan tana da shi.
3. Rajistara ya duba ya aiko da adadin kuɗin da za a biya, ta imel ko WhatsApp ko saƙon tes.
4. A biya ta banki cikin asusun kotu, a aika da shaidar biya.
5. Kotu ta tabbatar kuɗin ya shiga, sannan a ɗauka an shigar da takardar.

Inda ba a iya yin haka ba, an yarda a kawo takarda da hannu, amma a tsabtace ta a ajiye 'yan kwanaki kafin ma'aikata su taɓa ta. An kuma bukaci lauyoyi su riƙa rubuta lambar waya da adireshin imel a jikin takardunsu domin a riƙa aika musu sanarwa ta nan.

Abin lura a nan shi ne, tura takarda ba shi ne shigar da ita ba. Ko da waya ta nuna saƙo ya tafi, in ba a biya kuɗin kotu an tabbatar ba, aiki bai kammala ba.

Zaman kotu ta bidiyo

Ba takardu kaɗai aka aika ta na'ura ba. A ƙarshen Afrilu 2020 Babbar Kotun Jihar Borno, ƙarƙashin Babban Joji Kashim Zannah, ta yi zama ta bidiyo, ta sallami wani mutum da ake tuhuma da kisan kai. A farkon Mayu kuma wata kotu a Ikeja ta yanke wa wani hukuncin kisa ta Zoom, abin da ya jawo suka daga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Lauyoyi suka yi ta muhawara, domin sashe na 36 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Jihohin Legas da Ekiti suka kai maganar Kotun Ƙoli, a ranar 14 ga Yuli 2020 kuma kotun ta bayyana cewa zama ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Annoba ta wuce, hanyar ta zauna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a watan Mayu 2023, amma ba a koma gidan jiya gaba ɗaya ba. Dokokin aiki na Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 da na Kotun Ƙoli na 2024 sun tanadi shigar da takardu ta na'ura. A 2023 aka yi wa Dokar Shaida ta 2011 gyara, aka amince da sa hannu na na'ura, aka kuma yarda a yi takardar rantsuwa ta bidiyo a gaban wanda doka ta ba ikon rantsarwa. Tun kafin annoba ma, Kotun Ƙoli ta yanke cewa sanar da ranar zama ta saƙon tes sanarwa ce karɓaɓɓiya.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. A ce wata gwauruwa tana shari'ar gona da dangin mijinta. Lambar da aka rubuta a takardarta ta wani ɗan ƙaninta ce, shi kuwa ya tafi cirani ya canza layi. Kotu ta aika da ranar zama, saƙo bai iske kowa ba. Ranar ta zo, ba ta je ba, aka ci gaba ba tare da ita ba. Ba ta yi ƙarya ba, gaskiyarta ma tana nan, amma lambar waya ta kayar da ita. Sai dai a sani, sammaci na farko da ke sanar da mutum an kai ƙararsa, bisa ƙa'ida hannu da hannu ake ba shi, in ba kotu ce ta ba da izinin a bi wata hanya ba.

Amfani da wahalar da ke ciki

Amfanin a fili yake. Daga Funtuwa ko Malumfashi ko Ƙafur zuwa Katsina tafiya ce mai cin kuɗin mota da yini guda, ga rashin tsaro a wasu hanyoyi. Takardar da ta shiga ta na'ura tana ɗauke da rana da sa'a, ba ta ɓata cikin kabad, gara ba ta cinta. Kuɗin da aka biya ta banki yana da shaida, ba wanda zai ce a ƙara "na goro".

Amma wahalar ma a fili take. Ƙauyuka da yawa ba wuta, sabis sai an hau tudu, yawancin tsofaffinmu kuma ba su karanta Turanci. Ba mu manta ba cewa a watan Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara da Faskari, sai a watan Disamba aka fara mayar da su. A shekarar kuma ma'aikatan kotuna suka yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, kotuna suka kasance a kulle fiye da wata biyu. Saboda haka na'ura taimako ce, amma ba ta ɗauke mana nauyin kula da takardunmu ba. Kuma kowace kotu da nata tsarin: abin da Babbar Kotun Tarayya ta karɓa ba lallai ne kotun majistare ta garinku ta karɓa ba.

Abin da za mu yi

• Kafin komai, a je ko a aika wani amintacce wurin rajistaran kotun da shari'ar take, a tambaya: wace hanya kuke karɓar takarda, wane asusu ake biya? Tambaya ba ta ɓatar da mutum.
• A ba kotu da lauya lambar waya wadda kullum take a kunne, ta mutumin da ke zaune a gida. Idan layi ya ɓata ko an canza, a sanar da su a rubuce nan da nan.
• Kada a goge saƙon da ya zo daga kotu ko lauya. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa mai karatu a ranar, kada ya bari sai ranar kasuwa.
• Kada a tura kuɗin kotu cikin asusun wani mutum. 'Yan damfara suna kira su ce su ma'aikatan kotu ne. A nemi rasit a kan kowane kobo.
• A tambayi lauya lambar shari'a da kwafin takardar da aka shigar mai ɗauke da kwanan wata. Haƙƙinku ne.
• Takardun asali, kamar na cinikin gona, na gado, na aure da rasit, a ajiye su cikin leda a wuri mai tsaro. Hoto ake aikawa, amma kotu tana iya cewa a kawo na asalin.
• Idan an je shagon kwamfuta, a tsaya a ga an goge takardun daga na'urarsu bayan an gama. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta wa mutum cikin harshen da yake ji ba.
• Ranar da aka yanke hukunci, a rubuta kwanan watan. Daga ranar wa'adin ɗaukaka ƙara yake fara tafiya.

Wanda ba shi da kuɗin lauya kada ya zauna shiru. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa tana da ofishi a Katsina, aikinta shi ne tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA mai taimakon mata da yara. Sannan ba kowane rikici ne sai an kai gaban alƙali ba. Sashen shari'a na jihar Katsina yana da cibiyoyin sasanci, dattawa da masu unguwanni ma suna kashe wuta da yawa tun tana ƙarama.

Muna ba da shawara kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu masu riƙon amana, mace da namiji, waɗanda suka iya karatu da waya. Su riƙe littafi guda da za a rubuta lambar shari'a, sunan kotu da ranar zama ta gaba na duk wanda ya yarda a rubuta nasa. Ba lauyoyi ba ne, kada su ba da shawarar doka, kada kuma su fitar da sirrin kowa. Aikinsu shi ne karanta saƙo, tunatarwa, da raka mutum in da bukata.

Tambayoyi domin tattaunawa

A zumuntar mata, ta maza da ta matasa, ku duba waɗannan tare:

1. Mutum nawa ne a cikinmu ke da shari'a a kotu yanzu, ko ɗan'uwa da ke tsare yana jiran shari'a? Sun san ranar zamansu ta gaba?
2. Idan aka rufe hanya ko aka katse sabis gobe, ta yaya saƙon kotu zai iske su?
3. Ina takardun gonakinmu suke? Akwai kwafinsu a wani wuri dabam?
4. Su wa za mu ba riƙon littafin nan, kuma yaushe za su fara?

Ku aiko mana da abin da kuka tattauna ta hannun ma'aikacinmu na yankinku. A fitowa ta gaba za mu yi bayani a kan rubuta yarjejeniyar jinginar gona da aronta.